An ba ni aikin kama dabbobin da ke yawo a gari, ba horo ba littafi: ta ina zan fara?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Shawara nake nema. Wata biyu ke nan da aka mayar da ni sashen tsabtar muhalli na ƙaramar hukumarmu, aka ce ni zan kula da garken da ake tsare dabbobin da aka kamo suna yawo a kasuwa da bakin titi. Akwai yara uku masu kamu a ƙarƙashina. Ranar da na kama aiki, abin da aka danƙa mini shi ne makullin garke, igiya biyu, da littafin rasit wanda saura 'yan shafuka ya ƙare. Na tambayi rajista, aka ce wanda na gada da ka yake riƙe komai, shi kuma an yi masa canjin wurin aiki.

Jiya mutum biyu suka zo mini a kan tunkiya ɗaya, Uda ce, kowa na rantsuwa tasa ce. Ni a garken na tarar da ita. Ban san ranar da aka kamo ta ba, ban san unguwar ba, yaran ma kowa da abin da yake faɗa. Ga shi an ce bayan damina za mu fara kama karnuka, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa sa wa kare igiya.

To ina ake koyon wannan aiki? Me ake rubutawa, a wane irin littafi? Ba na so a wayi gari ana kirana ɓarawon akuya a garin da aka haife ni.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma sunan da kake gudu tuni mutane suka laƙaba wa masu aikin nan. Shekara uku da suka wuce aka kama mini jar akuya mai ciki a bakin kasuwa. Kwana huɗu ina aika yaro, yau a ce mai makulli ba ya nan, gobe a ce a dawo jibi. Rana ta biyar na ɗauki mayafi na je da kaina, aka ce an yi gwanjonta. Wa ya saya? Nawa aka sayar? Ina kuɗin? Ko takarda ɗaya ba a nuna mini ba. Da kuɗin adashe na sayi akuyar nan, da ita nake sa ran fara tara wa 'yata kayan ɗaki. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana Sabon_Hannu, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Shekara 32 na yi ina malamin dabbobi kafin in ajiye aiki. Gobe da safe, kafin ka sake karɓar ko ɗan akuya, ka shiga kasuwa ka sayi babban littafi mai taurin bango. Ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ka sa musu lamba da biro, ka kai wa shugaban sashenku ya rubuta yawansu a shafin farko ya sa hannu. Duk ranar da aka yage shafi za a gane.

Kowace dabba layinta daban, lambarta daban. Ka rubuta rana da lokaci, da wurin da aka kamo ta. Kada ka ce "kasuwa" ka yi shiru, ka ce layin 'yan tumatir ko bakin tasha. Ka sa sunan yaron da ya kamo, da dalilin kamun: yawo ne kawai ko ɓarna ta yi. In ɓarna ce, kayan wa ta ci, wa ya gani.

Sai kamanni, a nan ne ake yawan yin lalaci. "Farar tunkiya" ba kamanni ba ne, rabin tumakin garinku farare ne. Ka ce Uda ce ko Balami ko 'Yankasa, ina baƙin ya tsaya a jikinta, kunne da tsaga ko huji, na dama ko na hagu, da lalas ko babu, da igiya ko laya a wuya, ƙaho a karye ko lafiya. Ka buɗe bakin ka duba haƙoran ƙasa: tunkiya takan fitar da manyan haƙora biyu na farko tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, saniya kuma wajen shekara biyu. Sannan ka rubuta yadda ta shigo, tana ɗingishi ne, tana zawo, da ciki. In ba ka rubuta ta zo da ɗingishi ba, ranar karɓa mai ita zai ce ku kuka karya ta, kuma ba ka da bakin magana.

Lambar da ke littafi ka shafa ta da fenti a gadon bayan dabbar. Ranar fita ka rubuta sunan mai karɓa, unguwarsa, wanda ya shaide shi, lambar rasit, kuɗin tara daban, kuɗin ci daban, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Abu na ƙarshe, wanda ya zo cigiya kada ka kai shi garke. Zaunar da shi a waje, ya faɗi kamannin dabbarsa kana duba littafi. Da haka ake yi da ba a kai ga rantsuwar jiya ba.

Ɗan_Kara:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Batun tunkiyar nan kuwa ai da sauƙi. Ka kira mai unguwa da mutanen biyu, dab da magariba a kai ta tsakiyar unguwa a sake ta. Tunkiya ta san gida. Inda ta sa kai nan ne gidanta. Mu a kara haka muka taso muka ga sarkin kasuwa yana raba irin wannan rigima.

Mai_Kiwon_Rago:
@Ɗan_Kara, in kwanan nan aka saye ta fa? Sai ta nufi gidan wanda ya sayar, ko ta bi garken da ta fara gani. Ni an taɓa yin haka a gabana, tunkiyar ta shige gidan wani mutum na uku saboda ana shanyar dusa a tsakar gida.

Ɗan_Kara:
Sai a tambayi mai cewa ya saya, wane dillali ne ya tsaya masa. Dillalin da ya ci la'ada ba ya manta dabba. Abin da ya sa ake ba mu la'adar ke nan, mu ne shaida.

Nas_ta_Karkara:
Ku yi haƙuri, tunkiya za ta iya jira, batun karnukan nan ne ya tsaya mini a rai. Sabon_Hannu, don Allah kada ka bar yaran nan su taɓa kare ba a yi musu allurar riga-kafin ciwon haukan kare ba. Masu irin aikinku ana yi musu tun kafin cizo. Ciwon nan da zarar alamunsa sun bayyana, tsoron ruwa da zubar miyau da firgita, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

In cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar. Ba a ƙona gashin karen a shafa, ba a sa toka ko barkono. Allurar kuma ba ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, da sauran yadda aka tsara wa mutum.

Abin da nake roƙo ka ƙara a kan maganar Baba shi ne littafi na biyu, na cizo kawai. Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara takwas, wata biyu bayan kare ya cije shi a ƙafa. Sai daga baya muka ji karen ya ciji wasu yara a layin a rana ɗaya, kuma ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya. Gida-gida muka bi muna tambaya. Yaron bai rayu ba. Da akwai wanda ya rubuta a ranar ya aiko mana, da tun a makon farko mun same su duka.

Uwar_Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Ɗalibin_Samaru:
Amin. Ina ajin ƙarshe a karatun likitan dabbobi, bari in ƙara a kan abin da Anti Nas ta ce. Karen da ya yi cizo, in an san shi kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, ba a kashe shi nan take. Ana killace shi kwana 10, ana ba shi ci da sha, ana rubuta halinsa kullum. In ya cika kwanakin lafiya lau, to ba ya ɗauke da ƙwayar a miyansa ranar cizon. Amma wanda aka ciza ba ya zaman jiran kwana goman, ya fara allura. In kuma karen ya mutu ko dole ta sa aka kashe shi, kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ake gwadawa. A kira likitan dabbobi na jiha, shi zai cire da safar hannu, a sa kan a cikin kula mai ƙanƙara a aika ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ke nan tun 1924. Samfurin da aka aika babu takardar da ta ce daga ina, wa aka ciza, wace rana, ko an samu sakamako ba a san wa za a nema ba.

Batun inda ake koyo, akwai kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya a Vom, akwai ta Mando a Kaduna da ke ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello. Amma waɗannan karatun shekaru ne. Abin da kuke buƙata yanzu, shugaban sashenku ya rubuta wa ofishin likitan dabbobi na shiyyarku, a turo wanda zai yi muku ko kwana uku ne: yadda ake tunkarar kare, sandar zarge, raga, takunkumi, da yadda ake gane dabbar da ba ta da lafiya tun daga nesa.

Mafarauci_Na_Gado:
Ni tambayata ɗaya. In an ce "kama karnuka" me ake nufi? Don mu abin da muka sani shi ne a jefa nama mai guba da dare, da safe a kwashe gawa. Bara karnukana biyu suka tafi a haka, na farauta ne, da igiya a wuyansu, an yi musu allura ina da katin. Har ungulu da kajin maƙwabta suka mutu. Ba wanda ya zo ya ce ga dalili.

Ɗalibin_Samaru:
Baba Mafarauci, gaskiyarka. Guba ba ta maganin ciwon, kuma tana kashe karnukan da aka riga aka yi wa allura, waɗanda su ne katangar gari. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a maimaita. A Njamena ta ƙasar Chadi an yi haka a 2012 da 2013, duk karen da aka yi wa ana ɗaura masa alama a wuya, sannan a bi unguwanni a ƙirga masu alama da marasa alama. Sun kai kashi 70 ɗin, kuma ciwon ya ja baya ƙwarai a birnin. To ka ga nan ma lissafi ne. Wanda bai san karnuka nawa ne a garinsa ba, ina zai san ya kai kashi 70?

Baba_Mai_Ritaya:
Wannan alamar wuya ta tuna mini da ciwon bushiya, annobar shanu. Gangamin allurar da aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi, duk saniyar da aka yi wa sai a huda mata kunne da wani ƙarfe mai yanka alama. Bafulatani ba ya yawo da takarda, amma kunnen saniyarsa na tafe da shaida duk inda ta je. Da aka saki jiki aka daina bibiya, sai ga ta ta dawo a 1983, ni ganau ne, na ga rugar da aka wayi gari babu abin tatsa. Sai a 2011 aka yi shelar an kawar da bushiya daga duniya.

Kuma ku yara ba ku san zamanin jangali ba, wato harajin shanu. Mutane sun ƙi jininsa, da dalilinsu, Abubakar Rimi ma da soke shi da haraji ya fara mulkin Kano a 1979. Amma a lokacin hakimi na iya buɗe littafi ya faɗa maka shanun ƙasarsa, ko da an ɓoye wasu. Da kuɗin ya tafi sai ƙirgar ma ta bi shi.

Talaka_Bawan_Allah:
Baba, da girmanka, kada a yi mana kwaɗayin jangali. Kakana har daji yake kwana da shanu don gudun masu ƙirga. Duk littafin da hukuma ta buɗe a kan dabbar talaka, ƙarshensa kuɗi ne za a karɓa.

Baba_Mai_Ritaya:
Ban ce a dawo da shi ba, ɗana. Amma dubi Uwar_Biyu. Littafi ne ya cuce ta ko rashinsa?

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar ma'aikatar magajin gari ke riƙe da gidan tsare dabbobi, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta yi magana a kansa. Ba a saida dabba sai an yi shela an jira wa'adi, kuma wa'adin shanu da raƙuma ya fi na awaki da tumaki nisa sosai, tunda mai saniya yana iya kasancewa can cikin daji bai ji labari ba. Ba zan ce ko'ina ake bi sau da ƙafa ba. Amma makiyayin da ya san dokar yakan tsaya ya ce a nuna mashi ranar da aka rubuta. Shawarata ga Sabon_Hannu, ka riƙa kai sanarwa gidan rediyo da masallacin Juma'a da ranar kasuwa, kuma ka rubuta ranar da ka kai.

Lauyan_Zaure:
Maganar Ɗan_Maraɗi ta kawo mu inda nake so. Malam Sabon_Hannu, kafin littafi ma, ka nemi a ba ka kwafin dokar ƙaramar hukumarku da ta ba ku ikon kamu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa kasuwanni da mayanka da sa ido a kan dabbobin da ake ajiyewa a gida cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma wannan bai faɗi nawa ne tara ba, bai faɗi kwana nawa za a jira kafin gwanjo ba. Dokar da kansiloli suka zartar ko dokar jiha ce za ta faɗa. In ka karɓi naira ɗaya da ba ta cikin doka, ko ka sayar da dabba kafin wa'adi, ranar da aka shiga kotu sunanka za a kira, wanda ya ba ka umarni da baki ba za ka gan shi ba. Duk umarnin gwanjo ka ce a ba ka a rubuce. Batun cututtuka kuma akwai dokar tarayya ta 2022 wadda ta maye gurbin ta 1988, wannan hurumin likitocin dabbobi ne, naka shi ne kai rahoto da wuri.

Almajirin_Zaure:
Allah ya saka wa kowa. Malamanmu sun yi bayanin dabbar da ta ɓata tun da daɗewa. A zamanin Sayyidina Umar raƙuman da suka ɓata barinsu ake yi, ba mai taɓa su. Da aka zo zamanin Sayyidina Usman sai ya yi umarni a san kamanninsu a yi cigiya, sannan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗinsa. Ku lura, kuɗin na mai dabba ne, ajiya ne. Don haka Hajiya Uwar_Biyu tana da haƙƙin tambayar ina kuɗin akuyarta. Sannan Malam Sabon_Hannu, ka ji tsoron Allah a kan ci da shansu. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Makullin nan da ke aljihunka amana ce.

Mai_Shagon_Waya:
Ni fa ina ganin zamanin littafi ya wuce. Kowace dabba a ɗauke ta hoto ta dama da hagu da fuska, a tura zauren WhatsApp na masu unguwanni, rana da lokaci suna jikin saƙon. Akwai ma manhajar KoboToolbox da ake cike fom ko babu intanet, in an samu sabis ya tafi da kansa. Ba yagewa, ba gara.

Nas_ta_Karkara:
Hoton yana da kyau, amma kada a tura wa kowa. In duk gari sun ga hoton, kowa zai iya zuwa ya faɗi kamanni, dabarar Baba ta zaunar da mutum a waje ta rushe ke nan. Kuma a wurin aikinmu an taɓa yin shekara ana tara bayanai a wayar mutum ɗaya, aka sace wayar a tasha.

Mai_Shagon_Waya:
Haka ne Anti, ban yi wannan tunanin ba. To a sanar da baki cewa an kama tunkiya a wuri kaza, hoton ya zauna a ofis. Amma dai a ɗauka.

Baba_Mai_Ritaya:
A ɗauka, a kuma rubuta. Waya ta mutum ce, littafi na ofis ne, shi ake miƙa wa magaji. Kuma ɗana, na manta ban ce ba: sabuwar dabba kada ka haɗa ta da na ciki a ranar, ka ware mata gefe. In ka wayi gari ka ga dabba ta faɗi matacciya farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe, kada mahauci ya taɓa, kada a ja ta a ƙasa. Ciwon saifa ke yin haka, yana kama mutum. A watan Yulin 2023 an tabbatar da shi a wata gona a Suleja. Ka kira likita, ka rubuta lokacin da ka kira.

Talaka_Bawan_Allah:
Duk na ji. Amma wa zai sayi harawar? Wa zai biya kuɗin allurar yaran? Kun tara wa yaro aiki, shi kuwa igiya biyu aka ba shi.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sayi littattafai biyu da kuɗina, shugaban sashe ya sa hannu, har ya ce a kawo masa ya riƙa gani duk Juma'a. Lauya, na nemi dokar, an ce tana wurin sakatare, ya yi tafiya. Na ce ba zan yi gwanjon komai ba sai na gan ta. Anti Nas, na faɗa musu ba za mu taɓa kare ba sai an yi wa yaran allura, ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba. Hajiya Uwar_Biyu, ba a garinmu abin ya faru ba, amma na ji kunya kamar ni na yi.

Tambayar Talaka_Bawan_Allah ita ce ban da amsarta. Yanzu haka wani mai sayar da dusa ne ke ba ni bashi.

Tunkiyar kuwa mun sa ranar Asabar da mai unguwa, ɗaya daga cikin mutanen ya ce zai zo da dillalinsa. Sai dai daren jiya ta haihu, tagwaye. Baba, su ma lamba zan ba su daban, ko a layin uwar zan rubuta? Kuma kuɗin cinsu a kan wa?